Amshin da Na Koya wa 'Yata

Tun ina budurwa a Filato nake ba da waƙa a majami'a, kuma ba yabon kai ba, idan na ɗaga murya har tsofaffi masu ciwon gwiwa sai sun miƙe. Da karatun maigida ya kawo mu Kuala Lumpur muka sami gida a Taman Melati, ban yi wata biyu ba na karɓe ragamar waƙa a zumuntar matanmu. Ba wanda ya ba ni. Na ji yadda suke jan waƙa kamar masu gyangyaɗi, na ce a'a, ku matsa.

To, ni ɗin nan ce matar da 'yarta ta kawo wa takarda shekarar da za ta gama firamare. Akwai wata sakandare mai kyau da ke ɗaukar yara kaɗan kyauta idan sun ci gwajin kiɗa da waƙa. Mu baƙi ne, shiga makarantar gwamnati ba abu ne mai sauƙi gare mu ba, manyan makarantun kuɗi kuma sun fi ƙarfin ɗalibi. Wannan gwajin ne kaɗai ƙofarta, kuma yarinyar ta sa makarantar a ranta sosai.

Takardar shafi uku ce. Na karanta layin farko, na ga an ce za a gwada kunne da murya, na ninke ta na tura ƙarƙashin kwandon albasa. Maƙwabciyata, wata 'yar Malay mai kirki wadda ɗanta ya taɓa yin gwajin, ta ce za ta haɗa ni da malamin da ya shirya shi. Na ce mata, "Boleh, boleh," wato ba laifi da yarensu, ina murmushi. A raina kuwa cewa nake, ni za a nemo wa malamin waƙa? A gidana?

Washegari na hau mota zuwa kasuwar Chow Kit, na yi ta kutsawa tsakanin masu kifi da masu kayan miya har na samo tulun ƙasa mai amo irin wanda muke bugawa a gida. Da yarinyar ta dawo daga makaranta na zaunar da ita a falo, na ba da layi ɗaya. Sai ta mayar mini da shi daidai yadda na rera, ko ɗigo ba ta canja ba.

Na ce, "Ke aku ce? Wa ya ce miki ana maimaita wa mai ba da waƙa?"

A wurinmu, idan mai ba da waƙa ta ba da layi, sauran amshi suke yi, da nasu layin daban, wasu a sama wasu a ƙasa. Haka ma kiɗa. Idan na buga nan, ke ki cike gurbin da na bari. Wadda ta bi sawun mai ba da waƙa, dariya ake yi mata a ce ba ta da kunne.

Ta ce mini da Turanci, don Hausa ba ta cika fitowa daga bakinta ba, "Mama, amma takardar ta ce..."

"Takarda ce ta haife ki?"

Maigida ya leƙo daga ɗaki da littafi a hannu ya ce, "Maman yara, ko dai a duba takardar nan?" Na ce masa ya ji da karatunsa, shi da ko Amin ba ya iya ja daidai da jama'a. Ya koma ciki ya ja ƙofa.

Mako uku muna abu ɗaya. Duk lokacin da ta maimaita sai na harare ta, har ta daina. Kai, yarinyar nan ta ƙware! Ina ba da layi za ta ɗora nata a sama, daɗi kamar me. Na cika na batse. Na sanar a zumunta cewa a fara shirin shinkafar murna, har na je kasuwar Masjid India na yanko mata yadi na kai wa tela.

Ranar gwaji muka hau LRT, jirgin ƙasan cikin gari, da hantsi. An ajiye iyaye a wani babban zaure, amma ni ina! Na lallaɓa na bi baranda har na gano ɗakin da aka shigar da ita, na zauna a bencin bakin ƙofa, na yi ɗan tari sau biyu don ta san uwarta na nan.

Na ji malama ta buga layi a fiyano. Sai muryar 'yata ta hau samansa da amshi. Saura ƙiris in rangaɗa guɗa. Malamar ta yi wata magana, ta sake bugawa, 'yata ta sake amsawa. Aka zo tafi, malama ta tafa, ita kuma ta cike gurbi tsaf yadda na koya mata. Wani Basine mai shara yana wucewa, na nuna masa ƙofar na daki ƙirji na ce 'yata ce. Bawan Allah ya gyaɗa kai ya ci gaba da shararsa.

Da suka fito, malamar, wata siririya mai tabarau, ta tambaya ko ni ce mamanta. Na gyara ɗankwali na ce ƙwarai. Ta ce yarinyar tana da kunne mai kyau, ta ji daɗin sauraronta. Sai dai duk tambayoyin abu ɗaya suke nema, yaro ya mayar da abin da ya ji daidai yadda yake. Sau uku tana roƙon ta ta maimaita kawai, ba ta yi ba, ita kuma malamar ba ta da ikon ba da maki a kan wani abu daban. Ta buɗe shafi na biyu na irin takardar da ke gidana ta nuna mini da yatsa. A nan tsaye na fara karanta shi, an ma ja layi a ƙarƙashin wurin.

Duk da haka bakina bai mutu ba tukuna. Muka shiga shagon mamak, wato shagon shayi da abinci, da ke tsallaken titi, na sa aka kawo mata gurasar roti da shayi, ina ta neman wanda zan ɗora wa laifi.

Na ce, "To ke da ta ce ki maimaita, me ya hana ki? Duk Turancin nan da kike cika mana kunne da shi a gida, yau ne ba ki ji ba?"

Ta daɗe tana yagar rotin ba ta ci. Sannan ta amsa da Hausa, a hankali.

"Na ji, Mama. Na san abin da take so. Amma na ji tarinki a bakin ƙofa."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na kalli 'yar shekara goma sha biyu da ta gwammace ta faɗi jarrabawa da ta ɓata wa uwarta rai.

Bayan mako biyu sakamako ya fito, babu ita. Yanzu wata 'yar ƙaramar makaranta take zuwa a Setapak, a saman shagon sayar da tayoyi, kuma tana ƙoƙari. Har yau ba ta taɓa ce mini laifina ne ba. Da ta faɗa ko sau ɗaya, da ya fi mini sauƙi.