Malafa Tsakanin Surukai

Shekarun baya, zuwan mahaifiyata na farko wurinmu a Landan, na ƙudurta a raina sai na kai ta ta ga teku na gaske, mai shuɗin ruwa da farin yashi. Na takura wa mijina har ya yarda, muka tsayar da shawara a kan tsibirin Zanzibar, don can ba sai ka tsaya tambayar wa ya yanka naman ba.

Daga ranar da muka yi booking ɗin jirgi da masauki ban ƙara samun natsuwa ba. Aikin jinya nake yi a asibiti, to da an ba ni ɗan hutu sai in zaro waya in hau kallon gidajen abincin tsibirin. A jirgin ƙasa ma haka, har wuce tasharmu ta Stratford nake yi ina kallon hoton gasasshen kifi. Na san gidan da ke dafa shinkafa da kwakwa, na san wanda teburansa ke kan yashi. Har malafa na sayo, ƙatuwa, faɗinta kamar murfin tukunyar biki. Da na sa ta a falo mijina ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Hutu za mu ko noman rani?"

Burina ɗaya ne. Mu uku a tebur ɗaya, mutum biyun da na fi so a duniya suna cin abu mai daɗi, a ɗauke mu hoto in yi ta nuna wa jama'a har su gaji da ni.

Abin da na manta, ko in ce na ƙi tunawa, shi ne tun da aka ɗaura mana aure mahaifiyata da mijina ba su taɓa kai loma baki a gaban juna ba. Kunyar surukai ce irin ta gidanmu. A flat ɗinmu abin bai dame ni ba, shi ya ci a falo, ita in kai mata ɗaki. Ko ruwa yake sha ta shigo kicin, sai ya dire kofin ya hau gyaran famfon da lafiyarsa lau. Ni kuwa da wayona na ce iskar teku za ta warware su.

Ranar da muka sauka na ja su gidan abincin da na fi ƙwallafa rai a kansa. A saman bene yake, rana tana shirin faɗawa cikin ruwa, aka ba mu wani ɗan tebur zagayayye wanda gwiwoyinmu suka kusa haɗuwa a ƙarƙashinsa. Aka kawo faranti shaƙe da kifi da jatan lande, ƙamshi ya tashi, ni har rawa nake yi a kan kujera. Na ce, "To, bismillah."

Mahaifiyata ta gyara mayafi ta ce, "Ni fa tun a jirgi na ƙoshi."

Mijina ya ce cikinsa ne bai gama daidaita ba. Ita ta zuba wa teku ido, shi ya duƙufa a kan takardar sunayen abinci kamar gobe zai yi jarrabawa a kai. Ni kaɗai na ci. Ba zan ɓoye muku ba, na ci sosai, amma ranar ban ji daɗin komai ba.

Washegari na zo da dabara, na kama tebur biyu a wani gidan. Na zauna wurin mahaifiyata, ta ce, "Ke, tashi ki koma wurin mijinki, kin bar bawan Allah shi kaɗai." Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana, "ke" ɗin nan shi ne sunana a bakinta. Na ɗauki farantina na koma wurinsa, ya ce, "Haba, ki bar Hajiya ita kaɗai a baƙon wuri? Koma." Na yi ta safa da marwa da faranti a hannu har wata Baturiya ta ɗaga min yatsa tana neman ƙarin ruwa, ta zaci ma'aikaciyar gidan ce ni. Kuma duk a banza, don daga inda suke zaune suna hango juna, ba wanda ya taɓa cokali.

Abin dariya ne, sai dai mahaifiyata tana da ciwon suga. Da safe takan sha shayi da burodi a ɗakinta ta haɗiyi magani, sannan mu wuni a waje ba ta sa komai a ciki ba. Na ce mu riƙa komawa masauki da rana, ta ce ba za ta raba mu da yawonmu ba. Muna cikin zaga lungunan tsohon gari na ga hannunta yana rawa, gumi ya feso mata a goshi. Aikina ne, na san abin da nake gani. Na zaunar da ita a dakalin wani gida na ba ta dabino da lemo har ta dawo daidai.

Da muka koma masauki na ce wa mijina an gama cin abinci a waje, kowa ya ci a ɗakinsa kamar yadda muka saba. Na faɗa da ƙarfin hali, sai kuma hawaye ya tona min asiri. Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci sallar la'asar.

Ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo, ƙafar wandonsa duk yashi, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce, "Na samo wuri. Ki ce wa Hajiya ta shirya. Kuma ki sa malafar nan taki."

Na zaro waya na ce, "Tauraro nawa aka ba su a intanet?"

Ya ce, "Ko suna ba su da shi. Ke dai taho."

Can bayan inda masunta ke ɗaure kwalekwale ne. Wata mata ce ke gasa kifi a kan gawayi, ba ta da tebur ko ɗaya. Wani dogon katako aka kafa a kan katangar bakin ruwa, ga benci a jikinsa, duk wanda ya zo ci sai ya zauna a jere yana fuskantar teku. Mijina ya nuna wa mahaifiyata hagu, ya sa ni a tsakiya, shi ya zauna a dama. Ya raɗa min, "Ɗan sunkuyo gaba kaɗan." Na sunkuya. A nan na gane. Malafar ta tare komai, ita ba ta ganinsa, shi ba ya ganinta.

Aka kawo kifi yana ta tsartuwar mai, da shinkafar kwakwa. Na ƙame wuyana don kar malafar ta motsa. Can sai na ji ƙarar cokali daga hagu. Jim kaɗan na ji wata daga dama. Wallahi ji na yi kamar in miƙe in rangaɗa guɗa, amma in na miƙe komai ya lalace, sai na zauna ina murmushi ni da teku.

Mahaifiyata ta zaro ƙullin yajinta daga jaka, ta ɓare tsokar cikin kifin, wurin da ya fi daɗi, ta barbaɗa ta turo ta ƙarƙashin malafar. Ta ce, "Ke, miƙa wa na gefenki. Kar ki cinye, na san halinki."

Mijina ya karɓa, idonsa a kan ruwa, ya ce, "An gode, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya."

Ita ma ta amsa wa ruwan, "Amin. A ci a hankali, akwai ƙaya."

Muna cikin haka wata iska ta taso daga teku ta ɗaga malafar za ta yi gaba da ita. Kafin in kai hannu, sai na ji an danne ta daga hagu, an danne ta daga dama. Hannu biyu, duka shaɓe-shaɓe da man kifi. Suka riƙe har iskar ta wuce, kowa ya janye hannunsa ya ci gaba da cin abincinsa. Ni kuwa dariya ta kama ni har na ƙware, ba wanda ya kula ni.

Sauran gidajen da na ɓata watanni ina zaɓa, duk na yi cancel ɗinsu. Kullum can muke, har mai kifin ta fara ware mana wurinmu. Hoton da nake buri ma na samu, ita ta ɗauke mu ta baya: baya uku da malafa ɗaya.

Da can ina ganin kunyar nan tasu wani nauyi ne da ya kamata in sauke musu. Sai a bencin nan na fahimci ita ce hanyar da suke girmama juna, ba su taɓa buƙatar in raba su da ita ba, wurin zama kawai suke so da zai ɗauke ta. Da muka dawo Landan mijina ya tura teburin cin abincinmu jikin taga, ya jera kujeru uku suna kallon jiragen da ke wucewa.

Malafar tana nan rataye a kicin, da tabon mai a gefen hagu da wani a gefen dama, na hana kowa wanke ta. Duk lokacin da mahaifiyata za ta zo, kafin mijina ya tafi ɗauko ta filin jirgi, sai ya sauko da ita ya kakkaɓe ya ajiye a kujerar tsakiya.