Mama Tela da Bencin Bakin Taga

Ranar Lahadi, kafin Mama Tela ta ɗora ruwan wanka, sai ta fara ɗora na hannu. Ta juye shi a kwano da ɗuminsa, ta tsoma yatsunta, ta zauna tana murza su ɗaya bayan ɗaya har su yarda su lanƙwashe. Sannan ta ɗauko baƙar rigarta, wadda ba fure a jikinta, ba aiki a wuya, ta zura. Ba zobe, ba awarwaro. Matar da ta ɗinka wa rabin matan ikilisiyarmu ankon zumuntar mata, ita ba a taɓa ganinta da su a sujada ba. An daɗe ana cewa girman kai ne. Ba shi ba ne. Zane mai fure haɗiye yatsu yake yi, wanda kuwa ke sauraro da ido ba ya ganin magana a kansa.

Takan riga masu shara isa coci. Ta ƙwanƙwasa ofishin Fasto, ta leƙa kai.

"Fasto, yau ina muka nufa?"

"Kan haƙuri ne, Mama."

"To. In ka san za ka jefo irin manyan kalmomin nan naka, ka ba ni su tun yanzu in tauna. Kuma don Allah ka rage gudu. Bakinka mota ne, hannuna keke."

Daga nan ta wuce wurinta, gefen bagadi ta hagu, daidai inda hasken taga ke sauka. Gabanta benci ne dogo, a nan kuramenmu ke zama. A bakin bencin akwai Kafinta, ƙaninta, wanda zazzaɓi ya tafi da jinsa tun suna yara. Don shi ta koyi maganar hannu. Ta fara da ta cikin gida, ta ƙara da wadda ya kawo daga makarantar kurame, sauran kuma rayuwa ta koya mata. Da farko shi kaɗai take yi wa, a ɓoye, hannu a cinya, kamar mai satar magana. Labari ya bazu cikin kurame cewa akwai cocin da ake ganin wa'azi. Ɗaya ya jawo ɗaya, har benci ya cika.

Yabon gwani ya zama dole. Ita ta roƙi makaɗa su matso da babbar ganga kusa da bencin, don waƙa ta shiga musu ta tafin ƙafa. Ita ta tsaya tsakanin ango da amarya, kurame duka biyu, ta ɗauki alkawarin aure daga bakin Fasto ta kai hannu, ta ɗauko daga hannu ta mayar baki. Matan da suka raka wata kurma haihuwa sun ce ungozoma ta so korar Mama Tela daga ɗakin, Mama ta ce, "In na fita, da wa za ki ce mata ta yi nishi?" A bencin nan kowa na da sunansa na hannu, kuma yawanci ita da ƙaninta suka raɗa. Fasto, tura tabarau sama da yatsa. Sakatare, duba agogo. Wata Lahadi janareta ya mutu a tsakiyar wa'azi, lasifika ta ɗauke, na baya suka yi ta miƙa wuya ba sa jin komai. Fasto ya ba da wani labari mai ban dariya, coci shiru, sai bencin taga kaɗai ya kwashe da dariya. Kafinta ya waiwaya ya dube mu, ya yi wa yayarsa alama. Da aka matsa mata bayan an tashi, ta ce cewa ya yi, "Allah sarki, kurame."

Na taɓa jin wani ya tambaye ta ko Allah yana fahimtar addu'ar hannu. Ta ce, "Shi da ya yi yatsun? Ai Ubangiji ba ya neman tafinta. Mu ne muke nema."

Mama Tela, ke ce bakin waɗanda muka zauna da su shekaru ba mu iya ko gaishe su ba.

Sai sanyin ƙashi ya shiga yatsun. Ta ɓoye. Mace ce mai kunyar a ce ta gaza, ga almakashi da keken ɗinki suna cin hannun sauran kwanakin mako. Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi yatsun dama suka ƙage, suka ƙi buɗewa. Ta ƙarasa da hagu, magana rabi-rabi, gumi na bin wuyanta. Mu ba wanda ya lura. Bencin ya lura. Kafinta ya yi mata alama ɗaya: zauna. Ba ta zauna ba, amma da aka tashi ta shiga ofishin Fasto, ido a ƙasa.

"Fasto, hannun ya fara yi mini gardama. Ba na roƙon komai sai a samu wanda zai koya. Ko mutum ɗaya. Shagona a buɗe yake ranar Asabar."

An sa a sanarwa. Sakatare ya karanta da murya mai daɗi, ikilisiya ta ce amin. Asabar ta zo, ta share shago, ta jera kujeru. Ba wanda ya zo sai wata mai neman a rage mata wuyan riga. Aka sake sanarwa, aka sake amin. Jama'armu, Allah ya shirye mu, mun fi iya biki da koyo. Kafin a ce me, an kafa kwamitin sallamar Mama Tela.

Ranar sallama coci ya cika har ƙofa. Uwar zumunta, wato shugabar mata, tun da safe ta je gidan Mama da kanta ta sa ta a gaba sai da ta saka sabuwar atamfa mai manyan furanni ja da rawaya, da awarwaro a hannu biyu.

"Yau dai baƙar rigar nan ta huta, Mama. Kamar mai takaba!"

Mama ta ji nauyin musu, ta saka. Aka zaunar da ita a kujera mai laushi a tsakiyar bagadi, tana fuskantar jama'a, aka ɗora mata wani ƙaton agogon bango a cinya, naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Masu na'ura sun ce za a haska taron a waya don na nesa su gani. Da suka nemi inda haske ya fi kyau, sai suka kafa ƙafafun kyamara a bakin taga, daidai wurin tsayuwarta.

Aka fara jawabai. Dattijon coci ya yi, shugaban mawaƙa ya yi. Kowa da baiwar baki.

Ita kuwa ba ta jin ko ɗaya. Bencin take kallo. Sun zo dukansu, sun ci ado, wasu da 'ya'yansu. Sun zuba wa bakin mai magana ido, kamar masu kallon kifi a ruwa. In coci ya yi dariya, sai su waiga hagu da dama, su yi tasu daga baya. In an tafa, su tafa bayan kowa ya gama. Ta ga ƙaninta, mai furfura a gemu, yana tafi shi kaɗai, bai san me yake tafawa ba. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kwamiti ya tuna da abin sha, ya tuna da kujerun baƙi, ya tuna da fure. Bai tuna cewa in an zaunar da tafinta, an toshe wa benci guda kunne ba.

Ta zaro hannu daga ƙarƙashin agogon ta fara yi musu a cinya, kamar yadda ta fara tun tana yarinya. Uwar zumunta ta dafe hannun tana murmushi.

"Haba Mama! Yau hutu. Ajiye hannun nan."

Ta ajiye. Ta daure jawabi ɗaya. Da Sakatare ya karɓi makirfo, sai ta miƙe, ta kwantar da agogon a kan kujerar, ta tuɓe awarwaro ta zuba a kansa.

"Sakatare, ara mini kwat ɗinka."

"Kwat, Mama?"

"Baƙa ce. Ara mini."

Ya tuɓe yana 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta saka a kan atamfar, ta naɗe hannayen riga, ta je ta tsaya gaban kyamara, ta ba ta baya. Mai kyamara ya buɗe baki, ya dubi bencin, ya rufe. A lokacin ne coci ya gane.

"Ci gaba," in ji ta.

To ga inda wuyar take. A duk shekarunta ba ta taɓa cin maganar kowa ba. Abin da aka faɗa shi take kaiwa, mai daɗi da mai ɗaci. Yau kuwa abin da ake faɗa yabonta ne. Sakatare ya ce ita ce fitilar wannan ikilisiya. Ta nuna kanta, ta yi alamar fitila, fuskarta kamar an kama ta da hannu a tukunya. Bencin ya motsa. Kafinta ya ɗaga gira.

"Ke ce fitila, Yaya? Ke da kike cinye mini nama muna yara?"

"Rufe mini hannu," ta mayar masa, ba ta dubi kowa ba.

Sakatare ya ce uwa ce mai haƙuri, ta kai. Ya ce ba ta taɓa gajiya ba, ta kai, da yatsun da ke mata zugi. Sannan ya zo ƙarshen jawabinsa, inda masu jawabi ke zuba abin da ya dace da kunne.

"Muna kuma gode wa Allah, domin Mama ta bar mana magada da yawa waɗanda za su ɗauki wannan aiki."

Coci ya ce amin. Hannunta ya tsaya a sama. Ba mugun mutum ba ne Sakatare. Haka ake faɗa a kowace sallama, shi ma haka ya tarar. Ta iya tsallake maganar, ba mai sani. Amma ta kai ta yadda take.

Kafinta ya miƙe tsaye.

"Su wa? Su tashi mu gan su."

"Ka rufa mini asiri," ta yi masa, ƙasa-ƙasa. "Akwai baƙi. Ana haskawa a waya."

"Faɗa musu."

"Ƙanina, don Allah."

"Ba ki taɓa cin maganar Fasto ba, Yaya. Tawa za ki ci?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta juyo ta fuskanci jama'a cikin kwat ɗin da ta yi mata yawa.

"Kafinta ya ce, su wa ne magadan. Ya ce su tashi a gan su."

Ba wanda ya tashi. Masu waya suka sami abin dubawa a wayoyinsu. Sakatare ya tsaya da makirfo a hannu, riga ta jiƙe a hammata. Kafinta ya jira, irin jiran mai sana'ar da ya saba jiran gam ya kama. Sannan ya sake ɗaga hannu, a hankali, kamar yana so mu ma mu karanta.

"Ya ce," ta tsaya, ta share ido da hannun kwat. "Ya ce ba faɗa ya zo yi ba. Tambaya ce. Lahadi mai zuwa su zo, ko su zauna gida?"

Na ga taron da aka yi zage-zage, na ga wanda aka ba hammata iska. Ban taɓa ganin tambayar da ta durƙusar da manya kamar wannan ba.

Fasto ya sauko daga bagadi. Bai karɓi makirfo ba. Ya zo gaban bencin da ya yi shekaru yana wa wa'azi, ya tsaya, hannuwansa a sake kamar na aro.

"Mama, yaya ake cewa ku gafarta mana?"

Ta nuna masa. Ya gwada, ya karkace. Ya sake, ya sake karkacewa. Kafinta ya kama hannun Fasto da nasa masu kanta, ya daidaita shi kamar yana saita katako, ya sake shi. Fasto ya yi. Kafinta ya dube shi, ya gyaɗa kai.

"Ya ce sun gafarta," in ji Mama Tela. "Ya ce amma ba ka amsa tambayar ba."

"Ki ce su zo."

Sun zo. Asabar ɗin da ta biyo baya shagon Mama Tela bai ɗauki mutane ba, har a kan buhun ƙyallaye an zauna. Kunya kuwa kamar zazzaɓi take, tana sauka. Mako-mako aka yi ta raguwa, wannan aiki, wannan baƙi, wannan ciwon kai. Yanzu saura Uwar zumunta, da Sakatare, da wata malamar asibiti. Sakatare ya iya sanarwa, ko da yake bencin na cewa in'ina yake yi da yatsu. Uwar zumunta ta ɗauki waƙoƙi. Wa'azi kuwa har yau ba mai iya bin bakin Fasto sai ita. An sallame ta da agogo da jawabi, amma kowace Lahadi tana nan bakin taga, a zaune yanzu, tana kai Maganar Allah da yatsun da ya kamata a ce sun huta.

Mama Tela, ke ce wadda muka yaba da baki muka bar ki da aiki. Ke ce kika ji kunyar da mu ya kamata mu ji, kika kuma faɗi gaskiyar ƙaninki a gabanmu ba ki rage mata gishiri ba. Mun gode. Allah ya sassauta miki zugin nan, ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba.

Ku kuma masu karatu, ku duba cocinku. Kun sayi lasifika, kun sayi kyamara don na nesa, madalla. Ku duba ko akwai na kusa da ke tafi bayan kowa ya gama. In kana da yatsu masu lanƙwasuwa da Asabar guda, je ka zauna gaban wanda ya iya, ka yarda a yi maka dariya. Mu nan tambayar Kafinta ba ta mutu ba, ɗage ta aka yi. Ranar da hannun yayarsa ya ƙi gaba ɗaya, zai sake miƙewa ya yi ta. In ba mu shirya ba, a ranar babu ma wanda zai faɗa mana abin da ya ce.