Rigunan Sanyin Shu'aibu Direba

Duk mai hawa bas a Titin Bauchi da ke Jos ya san Shu'aibu, direban da tumbinsa ke riga shi gaisawa da sitiyari. Ɗan unguwar Rikkos ne, jikan masu haƙar kuza. Ya fara kwandasta yana siriri kamar kara, tsire ne ya yi masa wannan gini.

Ranar da aka yi muhawara a rediyo kan ko ya dace gwamnati ta sa ido a nauyin jama'a, sai da ya taka burki.

"Gwamnatin da ta kasa cike ramin hanya ce za ta rage min tumbi? Da gumina na tara abina!"

Fasinjoji suka tafa. Ba su san a gida tuni doka ta hau kansa ba. Likita ya ce jininsa ya hau, matarsa Safara'u ta ce ba shi ba tsire sai nauyi ya sauka. Duk Asabar kuma da ƙafarta take raka shi wajen Badung, mai sikelin auna mutane a bakin tasha.

Sanyin Jos ne ya ba shi dabara. Awon farko ya je da rigunan sanyi na gwanjo, wata kan wata, ga kwat, ga jibgegen takalmi. A garin nan wa zai yi mamaki? Kowace Asabar sai ya bar ɗaya a gida. Allurar sikeli ta yi ta sauka, Safara'u har da guɗa, gogan naka kuwa kullum yana bayan tasha da yaji a gemu.

To, riga ai tana ƙarewa! Ran nan sai ga Shu'aibu a kan sikeli daga shi sai singileti da wando, haƙora na kaɗawa, direbobi sun yi da'ira suna ihu. Allura ta zabura, ta wuce inda ta tsaya ranar farko.

"Oga Shu'aibu," in ji Badung, "saura wando fa, kuma nan bakin titi ne."

Tasha ta kece da dariya, ban da Safara'u.

"Baban Salma, ni ka yaudara ko jininka? In ka kife a kan sitiyari da mota cike da 'ya'yan mutane, kwat ce za ta taka burkin?"

Shugaban direbobi ya miƙo hannu ya karɓi makullin bas, ya ce sai awon Asabar ya yi kyau.

Yanzu da sassafe za ka gan shi yana takowa a ƙafa daga Rikkos, yana haki, yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro sikeli. Makon jiya aka mayar masa da makulli, ya zagaya tasha yana danna oda kamar mai kai amarya.