Tukunyar da Iya Sabuwa Ta Kife

Da na dawo gida bayan na gama karatu a Zariya, kowa ce mini yake tsufa ne ya zaunar da Iya Sabuwa. Ni kuwa wani abu na gani: babbar tukunyar da take dafa ruwan jego tana kife a bayan ɗakinta, ciyawa ta kewaye bakinta, ta bushe, wata ta sake tsirowa. Da can tukunyar nan ba ta kwana uku babu wuta a gindinta.

Iya Sabuwa ungozoma ce a ƙauyenmu, can gefen Gubuchi. Ta haura shekara talatin tana yankan cibi da wankan jego. Musulma ce, amma rabin masu zuwa cocinmu ranar Lahadi a hannunta suka faɗo, har da ni. Takan ce ba ta tsoron kowa a garin nan, tunda ta ga kowa ranar da ya zo babu haƙori.

Sai da na yi mako guda ina zuwa taya ta ɓarar gyaɗa kafin ta buɗe baki.

Lokacin saran rake ne, shekara biyu da suka wuce. Winifred, 'yar kudancin Kaduna wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu, tana aikin ɗaurin rake a gonar da wani Felix yake kula da ma'aikata. Da tsakar rana ya aike ta can ƙarshen gona, ya bi bayanta. Ta yi ihu, amma raken ya fi mutum tsayi, injin matse rake kuma yana ta ruri. Ya buga mata ƙotar adda a baki, haƙora biyu suka fita. Ya shaƙe ta har ta daina motsi, ya yi mata fyaɗe.

Da rarrafe ta iso ƙofar Iya.

"Jini har tafin ƙafa," in ji Iya. "Bakin ya kumbura, ba ta iya kiran sunana."

Iya ta yi abin da ta sani. Ta hura wuta, ta dafa ruwa da bagaruwa da ganyen darbejiya, ta zaunar da ita ciki kamar mai jego. Ta wanke ta tas, har ƙarƙashin farce inda fatar Felix ta maƙale. Yagaggen zanen kuwa ta cusa shi cikin murhu, don kada Winifred ta sake ganinsa. Kwana uku tana gasa ta safe da yamma. A rana ta huɗu, da ta iya taka ƙafa, suka je asibiti.

"Wa ya wanke ta?" in ji ma'aikaciyar jinya.

"Ni ce, 'yar nan. Da ruwan zafi sosai."

Ma'aikaciyar ta ajiye biro ta dube ta. "Iya, kin wanke shaida."

A ofishin 'yan sanda aka tambayi zanen. Felix ya ce daga kan lodin rake ta faɗo, leburori biyu suka ce haka ne. Sai maganar ta dawo zauren mai unguwa. Dattawan coci suka zo, liman ya zo, maza zalla. Felix ya durƙusa ya ce a yafe masa in har akwai abin da ya faru. Aka yi addu'a iri biyu, aka gaisa, aka watse. Babu wanda ya kira Winifred.

Bayan mako uku, da hantsi, Felix ya same ta a layin rijiyar burtsatse.

"Ke ce mai ɓata mini suna?"

Ya yi ƙwallo da jarkarta. Ya damƙi gashinta ya ja ta a ƙasa. Da ta ɗaga hannu ta kare fuska, sai ya sauke mata adda a hannun, naman ya buɗe har ƙashi. Iya tana tahowa da bokiti, ta jefar ta faɗa a kan Winifred tana ihu. Sannan ya goge addar da ciyawa ya tafi, ko sauri bai yi ba.

"Na ƙirga su, Angelina," ta ce da ni. "Mutum goma sha huɗu a tsaye. Tara daga cikinsu ni na yanke musu cibi."

Wannan karon ba ta taɓa ruwa ba. Ta ɗaure hannun da ɗankwalinta, ta tura mayafin Winifred mai jini cikin leda, suka hau babur a haka, ƙudaje na bin su. Bayan an ɗinke hannun Iya ta wuce ofishin 'yan sanda da ledar. Wanda ke kan tebur ko kwance ta bai yi ba.

"Iya, ba maganar nan manya suka sasanta ba? Ina shaidunki?"

Ta bi su gida-gida, su goma sha huɗun. Wannan ya ce yana ɗaure igiyar jarka bai gani ba. Wancan ya ce shi yaransa a gonar suke aiki. Winifred ta kwashi 'ya'yanta ta koma garinsu da yatsu uku da ba sa lanƙwasuwa. Felix yana nan, bana ma shi ya sari raken.

Na daɗe ina murza gyaɗa ɗaya a hannu kafin na ce, "Iya, ba laifinki ba ne."

"Ai da laifina ne da na ji sauƙi," ta ce. "Da farko na ce ni na ƙona mata gaskiya. Da na kai mayafin da jininsa ɗanye aka ƙi dubawa, sai na gane ko na kai zanen farko, hakan za a yi. Ranar na dawo na kife tukunya."

Muna cikin haka aka yi sallama. Meshach ne, mai gyaran babur, hula a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi awaki, sannan ya ce Beauty matarsa ta sauka jiya, ko Iya za ta taimaka da ruwan jego.

"Barka. Mace ko namiji?"

"Mace ce, Iya."

Ta dube shi. "Ka dafa da kanka. Hannu biyu gare ka, na gan su ranar a bakin rijiya, duk a aljihu."

Ya sunkuyar da kai ya tashi. Har ya kai ƙofa ta ɗaga murya: "Ka sa bagaruwa. Kada ya yi zafin da zai ƙona ta."

Sannan ta tattara ɓawon gyaɗar a faifai, ta miƙe tana dafa gwiwa, ta wuce ta gefen tukunyar ta je ta zuba wa awaki.