Abin da Hannun Alwala Ya Ji

Da sunan Allah nake farawa. Shekarar da ciwon zuciya ya kwantar da mai ɗakina, wani ƙaramin asibiti na wajen Azuba muka kai ta. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, aka jona su da wata na'ura mai nuna bugun zuciya, wadda ke kan teburin ƙarfe a gefen gado. Likita ya ce kada a cire, domin da ita suke sa ido a kanta.

Wata rana da azahar na yi alwala a famfon baya, na tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda na saba, na shiga in ɗauki darduma. Da na dafa teburin nan da jiƙaƙƙen hannu, sai na ji wani abu yana tsikarar yatsuna kamar cizon kiyashi. Na ɗauke hannu, ya daina. Ban sake taɓawa ba, don na san abin da na ji.

Na kira nas ɗin da ke bakin aiki, wata 'yar Eggon mai fara'a. Ta dafa teburin, ta dube ni tana dariya.

"Baba, ba komai fa. Ko yunwa ne? Tun safe ban ga ka ci abinci ba."

Mai ɗakina ta ce daga kwance, "Ƙyale shi, 'yata. Malam ko sauro ya cije shi sai ya tara jama'a."

Na ce, "Sista, hannunki a bushe yake, ƙafarki cikin takalmin roba. Ni hannuna da ruwa, ƙafata a kan siminti. Ni a yatsa ya same ni, ita kuwa wayoyin a ƙirjinta suke."

Ta daina dariya. "In na cire, wa zai duba zuciyan Mama? Na'ura ɗaya ne muke da shi, likita kuma yana tiyata."

Na ce, "Kafin a ƙera na'ura, da me ake dubawa?"

Ta dubi wayoyin da ke ƙirjin mai ɗakina. Sannan ta kashe soket, ta zare filogi, ta ɓamɓare wayoyin, ta aika a kira injiniyan da ke duba musu kayan aiki daga cikin gari. Ta jawo kujera ta kama wuyan hannun mai ɗakina tana kallon agogo. Ni kuma na ta da salla a nan gefensu.

Bayan la'asar injiniyan ya iso da 'yar na'urarsa ta awo. Ya jona, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce mini kowace na'ura tana yoyon wuta kaɗan, kamar yadda randa take tsattsafo da ruwa. Shi ya sa ake binne ƙarfe a ƙasa a ja masa waya, yoyon ya bi can. Kuma akwai iyakar da aka yanka: abin da aka yarda ya taɓa majinyaci ƙanƙane ne ƙwarai, har fata ba ta jin sa.

"In har hannu ya ji, Malam, an wuce iyaka da nisa."

Muka zagaya bayan ginin tare. Wayar nan mai shiga ƙasa a yanke take, a cikin kuɓewar da aka shuka a jikin bango. Fartanya ce ta sare ta, ba wanda ya lura. Ya haɗa ta, ya sa ta cikin bututu, ya dawo ya auna soket da jikin na'urar da kowace wayar ƙirji. Sai da ya gamsu ya ce a mayar.

Duk tsawon wannan lokaci nas ɗin ba ta saki hannun ba. Da zanen bugun ya dawo kan gilashi yana tafiya daidai, ta miƙe tana murza yatsu. Na yi wa Allah godiya, na sa mata albarka.

Mai ɗakina ta ce, "To Malam, wannan sauron dai ya cancanci a tara jama'a."

Ranar da aka sallame ta, nas ɗin ta tsinko mana kuɓewar nan cike da leda. Da ita aka yi miyar komawa gida.