Jakar Jelte a Rumfar Aukje

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina cikin wanke akwatunan kifi aka zo mini da labarin rasuwarki, Aukje Venema. Aka ce zuciya ce ta tsaya. Na ce lallai, in ba ita ba, wa ya isa ya tsayar da ke?

Shekara da shekaru rumfar cukunki tana jikin tawa a kasuwar garinmu, Zwolle. Na san ki da tsada, na san ki da baki. Amma har yau ina juya abu ɗaya a raina: yaya aka yi kika gane halin da yaron nan Jelte yake ciki?

Ai ni ma na gan shi. Ɗan shekara sha shida, lokacin makaranta yana tsaye a kan gada, ya zuba wa ruwa ido. Ni da nake taƙamar karanta mutum tun daga nesa, na ɗauka aji ya gudo. Ke kuwa kallo ɗaya kika yi masa kika ɗaga murya: "Kai, dogo! Ruwan nan ba gudu zai yi ba. Zo ka ɗaga mini cukun nan, bayana ya ƙi."

Daga baya muka ji. An gano maza irinsa yake so, ba mata ba, 'yan ajinsu suka sa shi gaba, a waya da a fili. Suka riƙa ce masa ɗan daudu, suka farke masa tayar keke, suka jefa jakarsa a ruwa. A gida mahaifinsa, Wiebe, ya daina haɗa ido da shi. Barci ya ƙaurace wa yaron, abinci ya fita ransa. Shi da bakinsa ya gaya miki zurfin ruwan yake aunawa a kan gadar nan, da niyyar faɗawa.

Ba ki yi masa wa'azi ba. Ranar Juma'a, ana tsakiyar ciniki, kika rufe rumfa kika raka shi wurin likita. Kika ajiye masa kujera a bayanki, yana karatu kina yanka cuku, har ya yarda ya koma ya zauna jarrabawar ƙarshe.

Ya ci. A al'adarmu, a watan Yuni kowane gida da ɗansu ya ci jarrabawa yakan fito da tuta ta taga, a rataya jakar makarantarsa a sandar. Tagar Wiebe kuwa shiru. Sai ga ki kin hau akwati, kina ɗaura tuta da jaka a kan rumfa.

Na ce, "Aukje, aikin iyaye ne fa wannan. Kuma jakar nan har yanzu warin ruwa take."

Kika ce, "Harm, yau kuma mai kifi ne yake gorin wari?"

Duk wanda ya tambaya ko jikanki ne, sai ki ce, "Namu ne." Labarin kasuwa ba ya kwana. Washegari Wiebe ya zo ya tsaya ya daɗe, kamar mai neman ragi.

"Jakar ɗana ce," in ji shi.

Kika ce, "To, me take yi a rumfata?"

Da hannunsa ya kwance ta. Kafin yamma tana lilo a tagarsa.

Sau da yawa na tambaye ki yadda kika gane, ki ce in kula da kifina. Sai ranar jana'iza na soma hasashe, da na ga wadda aka zaunar a sahun gaba, wurin iyali.

Allah ya jiƙanki, Aukje, ya yafe miki, ya sa kin huta. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan'uwanki na garin Kampen, da Jelte da mahaifinsa, waɗanda suka ɗauki akwatin gawarki kafaɗa da kafaɗa. Sai ke, Hiltje, da aka zaunar a sahun gaba, wadda duk kasuwa muka tsufa muna ce miki maƙwabciyar Aukje: Allah ya ba ki haƙurin rashin matarki.