Kujerar Lilon da Kawu Tello Ya Yi wa Kaka

Ranar da aka yi addu'ar kwana tara ta Kawu Tello, titinmu a Lawrence ya cika da kujerun lilo. Wasu a bayan mota aka kawo su, wasu a ka, wani tsoho ma jan tasa ya yi tun daga ƙarshen layi. Duk aikin hannunsa ne. Mun yi kuka da safe, amma kafin tukunyar farfesun sancocho ta nuna, dariya ta fi yawa, domin kowa yana da labarin yadda ya samu tasa. Ni na zauna kusa da matarsa, Anti Nereida, na sake jin labarin kujerar farko.

Sunansa na yanka Eleuterio Almánzar, yayan mahaifiyata ne. A San José de las Matas ya tashi, garin da yaro kan san ƙanshin katako kafin ya san ƙanshin kofi. Ya zo Amurka yana saurayi da zarto ɗaya a cikin kaya, ya shiga aikin haɗa kabad ɗin kicin. Ya auri Nereida, suka haifi mata uku, ya ɗauko ƙannensa ɗaya bayan ɗaya. Ko da furfura ta fito masa, ba ya fita aiki sai ya kira gida ya ce, "Mama, a sa min albarka."

Da kakanmu ya rasu, ba wanda ya rage a ƙauye sai Kaka Chencha, ga ciwon suga, ga ta taɓa faɗuwa a tsakar gida ba mai ɗaga ta. Kawu ya je ya taho da ita. Ya gyara mata ɗaki mai ɗumi, ya saya mata talabijin. Damina ba ta zagayo ba ta haɗa akwatinta ta ajiye bakin ƙofa. Ta ce a nan mutum ba ya ganin kowa sai bango, kuma wani maƙwabci zai koma gida ƙarshen wata, da shi za ta tafi. An roƙe ta, an kira fadan coci ya yi mata magana, ta ba shi kofi ta sallame shi.

Kawu ya tashi. Ya shige gareji. Tun da ya bar gida bai sake yin kujerar lilo ba, amma hannu bai manta ba. Ya nemo jan katako, ya lanƙwasa ƙafafun, ya sa wani direba da zai dawo daga hutu a gida ya zo masa da kabar saƙa maimakon cuku da alewar madara. Anti Nereida ta ce a kwanakin nan har a cikin shinkafa suna tsintar garin katako.

Da ya gama, ya kai ta falo, ya tara yara, ya yaye zanen da ya rufe ta da shi. Kaka ta shafa hannun kujerar, ta zauna, ta yi lilo sau biyu a kan darduma.

"Ta yi kyau, ɗana," ta ce. "Kai ma ka huta a kai idan na tafi."

Anti ta ce fuskarsa ta faɗi kamar an kwashe masa tukunya daga wuta. Ita ce ta ja shi gefe ta ce, "Kai dai kafinta ne kawai. A garinku ka taɓa ganin wanda ya juya wa hanya baya yana lilo?"

Kafin ta rufe baki ya sungumi kujerar ya yi baranda da ita. Watan Afrilu ne, sanyi bai gama tafiya ba. Aka naɗe Kaka da bargo, aka sa mata hular Kawu, tana ta mita cewa so ake a kashe ta. Katakon barandar ya fara ƙara a ƙarƙashinta, ƙiii, ƙiii, sai ta bar mitar.

Wata mata 'yar garin Moca na can ƙasarsu, Doña Pura, tana dawowa daga kanti ta tsaya cak. Ta ajiye leda, ta tambayi inda aka samo wannan, ta ce rabonta da ganin irinta tun barandar mahaifiyarta. Suka shiga tambayar juna dangi, har suka gano sun san ungozoma ɗaya. Matar tana tsaye, Kaka ta leƙa ciki ta ɗaga murya.

"Tello! Kawo wa baƙuwa tata kujerar."

"Mama, ai guda ɗaya ce."

"Guda ɗaya? To da wa zan yi hira, da sandar fitila? Ubanka huɗu huɗu yake yi."

"Idan na fara, sai bayan maƙwabcin nan ya tafi zan gama fa."

"Ya tafi mana. Ni na riƙe masa ƙafa?"

Anti ta ce Kawu ya sauka matakala uku a tsalle ɗaya, ya ɗaga ƙaramar 'yarsa sama yana juyi da ita a tsakar titi, motoci suna masa oda.

Ya yi ta biyu, ya yi ta uku, sai mutane suka fara layi. Daga baya ya bar kamfanin kabad ya buɗe shagonsa. Doka ɗaya Kaka ta kafa, kuma har yau muna bi: ba a barin kujera tana lilo ba kowa a kai, idan ka tashi ka tsayar da ita da hannu.

Kaka ta ƙara shekara goma sha wani abu a wannan baranda. A cinyarta na koyi shan kofi da burodi, a can na koyi zama in ji magana har ƙarshe. Akwatin kuwa bai bar bakin ƙofa ba, don ba ta taɓa cewa ta fasa ba. A ciki muke ajiye barguna na masu zuwa hira.